Mitar Fijo a Kan Tabarmar Baba

Ranar da allurar mitar Fijon Baba ta fara rawa kamar mai jin sanyi, bai kai motar gareji ba. Bayan sallar la'asar ya cire kan batir, ya zura hannu ta ƙarƙashin dashbod ya kwance kebur, ya zaro mitar gaba ɗayanta ya shigo da ita zaure. Ni ne mai riƙe tasar da ake zuba ƙananan notina, kuma sau uku ya ja mini kunne kada ko ɗaya ya faɗa cikin ƙasa.

Motar 504 ce, irin wadda kamfanin Peugeot ya fara fitarwa a Faransa a 1968, kuma daga 1975 aka riƙa harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna. Shekara uku kafin buɗe wannan masana'anta, a watan Afrilun 1972, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motocin Ingila masu sitiyari a dama da lissafin mil suka fara ja da baya. Direbobin zamanin Baba a kan fuskar mita suka koyi kilomita, tun kafin ta zauna a bakin mutane.

Da Baba ya cire gilashin, sai ya sa cokula biyu a ƙarƙashin allurar ya ɗaga ta a hankali, bayan ya yi alama da fensir a inda take hutawa. A baya akwai maganaɗisu da kebur ɗin da ya taso daga giyabos yake juyawa. Wani ɗan kofin alminiyom ya lulluɓe shi ba tare da sun taɓa juna ba. Idan maganaɗisun ya juya sai ya ja kofin, wani siririn sifirin kamar gashi kuma ya riƙe shi kada ya zarce. Gwargwadon gudun mota, gwargwadon jan, gwargwadon tashin allura. Wannan dabara ta wani injiniya ce daga Strasbourg, Otto Schulze, wanda ya yi mata rajista a Berlin a 1902, kuma ta yi shekara wajen tamanin tana aiki a motocin duniya kusan yadda ya tsara ta. Matsalar tamu ba ta wuce bushewar kebur ba. Baba ya zare igiyar ƙarfen daga rigarta, ya wanke da kananzir, ya shafa giris kaɗan, ya bar sama-sama a bushe don kada maiƙo ya hau ya ɓata mitar.

A irin wannan aiki ne wata sana'a ta tsiro a gefen kanikanci. A Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, masu wayarin da masu gyaran mita suna zaune da teburi cike da allurai, ƙwayayen fitila da gejin mai da na zafi da aka ciro daga motocin da suka mutu. Kayan aikinsu sukundireba ne da fulaya da haƙuri. Yaro yakan yi shekaru yana kallon hannun maigidansa kafin a yarda ya taɓa sifirin, domin lanƙwasa ɗaya ta isa mita ta riƙa ƙarya har abada.

Amma inda sana'ar ke da nauyi shi ne jerin ƙananan ƙafafun nan masu lambobi da ke ƙirga kilomitar da mota ta yi. Kowace ƙafa idan ta zagaya sau ɗaya, wato taki goma, sai ta tura ta kusa da ita taki ɗaya. Wanda ya iya buɗe mita ya iya mayar da su baya da ɗan yatsa. Da Baba zai sayar da motar, dillali ya zo har zaure ya ce, "Malam, a ɗan taɓa lambar nan mana, kuɗin zai ƙaru." Baba ya ce, "Alhaji, kowace kilomita a nan da idona na bi ta. In na share, wanda zai saya da me zai san lokacin da injin zai gaji?" Dillalin bai sake tayar da zancen ba.

Daga shekarun 1980 masu ƙera motoci suka fara maye gurbin kebur da na'urar da ke ƙirga juyawar giya ta aika saƙon lantarki. Allura ta koma hannun ɗan ƙaramin moto, lambobi suka koma cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. A nan kuwa karyewar darajar naira ta sa sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, sai tsofaffin motoci 'yan Beljiyam suka cika titi ta hanyar Kwatano, daga baya na Amurka suka biyo da lissafin mil, wanda kowane ɗaya ya kai kilomita 1.6. Teburin mai gyaran mita ya sauya: ga dalma da ƙarfen liƙi, ga kwamfuta da igiyar da ake soka wa mota. Rage lamba ma ya sauya salo, abin da yatsa ke yi a da yanzu maɓalli ke yi, ba tare da ko zanen sukundireba da zai tona asiri ba.

Kwanan baya fitilar mitar motata ta mutu. Na shimfiɗa tabarma, na cire kan batir, na kira ɗana ya riƙe tasa. Abin da muka tarar koren allo ne mai ƙananan ƙwayoyi, babu maganaɗisun da zan nuna masa. Ya nuna gurbin lambobin ya ce, "Baba, wannan ma ana gyarawa?" Na ce masa ana iyawa, amma kakansa bai taɓa ba, mu ma fitila kawai za mu canza.