Matatar imel

matatar imel (suna, mace, jam'i: matatun imel)

1. Manhajar da ke zama tsakanin uwar garken imel da manhajar karanta wasiƙu ta kwamfuta, irin su Thunderbird ko Outlook, tana tace saƙonni don ware tarkacen talla da wasiƙun 'yan damfara kafin su shiga akwati. Misali: POPFile, SpamBayes.

2. Yadda ake haɗa ta: a saitin wasiƙu masu shigowa ta POP3, sai a cire sunan uwar garke a sa 127.0.0.1, wato kwamfutar kanta, a tashar 110. A POPFile, a gurbin sunan mai akwati ana rubuta sunan uwar garke na asali, sai ɗigo biyu, sai sunan mai akwati. Matatar na yi wa kowane saƙo alama a kansa, manhajar wasiƙu kuma ta bi alamar ta jefa tarkace wani akwati dabam.

Misali: "Malam, tun da ka sa matatar imel, 'yan damfara sun daina damun ka."

Lura: matatar na koyo ne daga gyaran mai ita. A riƙa leƙa akwatin tarkace, kada wasiƙa mai muhimmanci ta salwanta.