Busasshiyar Allura: Taƙaitaccen Tarihin Suna da Aiki

1.0 Gabatarwa

A Hausa, idan aka ce an yi wa mutum allura, ana nufin an ɗura masa ruwan magani. Saboda haka sunan "busasshiyar allura", wato soka siririyar allura cikin ƙullin tsoka mai ciwo ba tare da magani ba, yana buƙatar bayani. Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin asalinsa.

2.0 Asali da Bunƙasa

A shekarar 1938, Jonas Kellgren ya nuna a Landan cewa idan aka ɗura ruwan gishiri a tsoka, raɗaɗin kan bayyana a wani wuri mai nisa. A 1942, Janet Travell, wadda daga baya ta zama likitar Shugaba Kennedy na Amurka, ta bayyana tare da abokan aikinta yadda ɗura maganin kashe zafi cikin irin wannan ƙulli ke sauƙaƙa ciwon kafaɗa. A 1979 kuwa, Karel Lewit na birnin Farag ya nuna cewa sukar kanta, muddin ta dace da ƙullin, tana kawo sauƙi ko babu magani. Tsokar kan zabura farat ɗaya, sannan ta saki.

3.0 Kammalawa

Ke nan an kira ta "busasshiya" ne domin a bambanta ta da allura mai ruwa. Wajibi ne mai fassara ya kiyaye wannan sifa, don kada majinyaci ya zaci an ba shi magani, kada kuma a gwama ta da allurar gargajiya ta Sinawa, wadda tushenta daban ne.