Tarihin Takardar Shaidar Ajiya a Bankunan Amurka, 1933 zuwa 1989

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wata hanyar adana kuɗi da ake kira takardar shaidar ajiya, domin a ga yadda ta bunƙasa da kuma waɗanda suka ci moriyarta. Bayaninta a taƙaice shi ne mutum ya kai kuɗi banki bisa sharaɗin ba zai taɓa su ba sai wa'adi ya cika, ko wata uku ne, ko shida, ko shekara, banki kuwa ya ba shi takarda mai ɗauke da yawan kuɗin da ranar biya da ruwan da za a ɗora masa. In ya karya wa'adi, sai a zaftare masa wani abu daga cikin ruwan. An zaɓi Amurka ne saboda a can aka mai da wannan takarda hajar kasuwa.

Dokar 1933

Tsakanin 1930 da 1933 bankuna wajen 9,000 suka durƙushe a Amurka. Majalisar dokokin ƙasar ta ɗora wani kaso na laifin a kan rige-rigen da bankuna ke yi wajen ƙara wa masu ajiya kuɗin ruwa, wai shi ke tilasta musu zuba dukiyar jama'a a harkoki masu haɗari, ko da yake masana da dama daga baya sun yi shakkar wannan zargi. To, dokar bankuna ta 1933 sai ta haramta biyan ruwa a kan asusun da ake cirewa kullum, ta kuma bai wa Babban Bankin ƙasar ikon yanke iyakar ruwan ajiya mai wa'adi, watau abin da aka sani da Ƙa'idar Q. Har ila yau ta kafa hukumar inshorar ajiya, FDIC, wadda ta fara da lamunce dala 2,500 ga kowane mai ajiya a 1934.

Shekara ashirin aka yi wannan iyaka ba ta takura wa kowa ba, domin ruwan kasuwa yana ƙasa da ita. Amma wajen ƙarshen shekarun 1950 ma'ajin manyan kamfanoni suka farga cewa kuɗinsu na kwance a bankunan New York ba ya haihuwa, suka dinga kwashewa suna sayen takardun rancen baitulmalin gwamnati.

Dabarar 1961

A watan Fabrairu na 1961 bankin First National City na New York, wanda daga baya ya zama Citibank, ya fito da maganin abin. Sunan da aka fi dangantawa da dabarar shi ne Walter Wriston, wanda ya zama shugaban bankin a 1967. Ita takardar ba sabuwa ba ce. Sabon abin shi ne an yarda mai ita ya sayar wa wani kafin wa'adi, aka kuma shawo kan wani kamfanin dillancin takardun gwamnati, Discount Corporation, ya riƙa saye da sayar da ita. Ke nan banki ya tabbata kuɗin na hannunsa har ranar biya, kamfani kuwa ya san in buƙata ta taso masa gobe akwai kasuwa. A da banki kan zauna ne ya jira abin da aka kawo masa, sa'an nan ya ba da rance gwargwadonsa. Daga wannan shekara sai ya iya ba da rancen tukuna, ya fita kasuwa ya sayo ajiyar da za ta cike gurbin. Dabarar ta bazu: an fara fitar da irinta ta dala a Landan a 1966, ta fam a 1968, Babban Bankin Nijeriya ma ya shigo da ita a 1975.

Sai dai Ƙa'idar Q na nan. A 1966, da kuma 1969, ruwan kasuwa ya haura iyakar da aka yanke, masu takardu suka ƙi sabuntawa, manyan bankuna suka koma aro daga rassansu na Landan inda dokar ba ta kai ba. Da kamfanin jirgin ƙasa na Penn Central ya karye a watan Yuni na 1970, Babban Banki ya ɗage iyakar daga kan manyan takardu masu gajeren wa'adi, a 1973 kuma ya ɗage daga kan sauran manyan.

Ƙaramin mai ajiya

Babbar takarda ita ce ta dala 100,000 zuwa sama. Wanda ya mallaki haka ya fita daga ƙangin doka tun 1973, amma malamin makaranta da ɗan fansho aka bar su da ruwan da bai wuce kashi 5 da ɗoriya cikin ɗari ba a kan asusun tanadi, alhali tsadar kaya ta haura kashi 13 cikin ɗari a 1980. Mai adana dala ɗari a wannan shekara, in ya zo ɗauka, adadin ya ƙaru amma abin da zai saya da shi ya ragu. Ƙofar tsira ma an rufe masa ita da gangan, domin a 1970 baitulmali ya ɗaga mafi ƙarancin takardar rancensa daga dala 1,000 zuwa 10,000. Hujjar hukuma ita ce kare bankunan lamunin gidaje, waɗanda aka shigar ƙarƙashin iyakar a 1966, don rancen gina gida ya zauna da araha. A ganina haraji ne aka aza wa masu ƙaramin ƙarfi ba tare da an kira shi da sunansa ba.

Jama'a ba su zauna ba. Asusun haɗaka na kasuwar kuɗi, wanda ya ɓullo a farkon shekarun 1970, ya riƙa tara 'yan kuɗaɗen mutane yana sayen manyan takardun da ɗaiɗaikunsu ba za su iya saye ba. Ganin ajiya na zurarewa, a watan Yuni na 1978 hukuma ta amince da takardar wata shida wadda ruwanta ke bin na baitulmali, amma ita ma sai mai dala 10,000. Dokar 1980 ce ta tsara a janye iyakar sannu a hankali, aka kammala a 1986, ta kuma ɗaga inshora daga dala 40,000 zuwa 100,000.

Bankunan lamunin gidaje sun riga sun ba da rancen shekara talatin a kan ruwa kaɗan wanda ba ya canzawa, ga shi yanzu dole su biya masu takardu fiye da abin da rancen ke kawo musu. Sai dillalai suka shigo, suna yanka dukiyar attajirai gunduwa-gunduwa ta dala 100,000, suna kai wa duk bankin da ya fi ba da ruwa. Tun da gwamnati ta tsaya wa kowace gunduwa, ba ruwan mai kuɗi da lafiyar bankin, kuma sau da yawa bankin da ya fi kusa da kabari shi ya fi sakin hannu. Tsakanin 1986 da 1995 irin waɗannan bankuna fiye da 1,000 suka rushe, masu biyan haraji suka ɗauki asarar da ta zarce dala biliyan 120. A 1989 majalisa ta soke hukumar da ke yi musu inshora, wadda ita ma ta riga ta talauce, ta kuma taƙaita wa bankin da jarinsa ya raunana karɓar ajiya ta hannun dillalai.