Tarihin aikin yanar ido: daga tsinke zuwa madubin roba

1/ Jama'a, yau tarihin yanar ido zan kawo muku. Akwai wani ɗan madubi garai-garai a cikin idon kowa. Idan ya yi hazo, yawanci saboda tsufa, shi ne muke cewa yana ta rufe ido. Ashe ba a saman ido take ba, a ciki take.

2/ Hanya mafi daɗewa ita ce a soka tsinke ta gefen ido a ture madubin ya faɗa can ciki. Tana cikin littafin Sushruta na tsohuwar Indiya. Haske zai shigo nan take, mutum ya yi ta murna. Amma madubin bai fita ba, kuma babu abin da ya maye gurbinsa. Daga baya sai kumburi, ko ƙwayar cuta, ko hawan jinin ido.

3/ Wajen shekara ta 1000, Ammar al-Mausili, mutumin Mosul da ya yi aiki a Masar, ya ƙera allura mai rami yana zuƙo yanar idan mai taushi ce. Ni dai wannan bawan Allah ya fi burge ni, don shi tunaninsa a fitar da ita ne gaba ɗaya.

4/ A 1747 Jacques Daviel na Faransa ya fara yanka ido yana ciro madubin. Sai dai wanda aka yi wa dole ya koma sa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba.

5/ Ga inda labarin ya yi daɗi. A Yaƙin Duniya na Biyu, wani likita a Ingila, Harold Ridley, ya lura cewa matuƙan jirgin yaƙi da ɓarɓashin robar gilashin jirgi ya shiga idonsu, idon bai ƙi robar ba. Ya ce to, me zai hana a yi madubi da ita? A 1949 ya dasa na farko a asibitin St Thomas da ke Landan. Abokan aikinsa sun yi shekaru suna sukarsa fa.

6/ A 1967 Charles Kelman a Amurka ya kawo na'urar da ke farfasa yanar ta ƙaramar kafa. A wajen likitan haƙori ya samo dabarar!

7/ Mu kuma a nan gida, asibitin ido na ECWA a Kano tun 1943 yake, cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna kuwa an kafa ta da doka a 1979.

8/ Duk da haka masu tsinke ba su daina zaga ƙauyuka ba. Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya gano fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka yi wa aikin yana a Najeriya, da tsinke aka yi. Kusan bakwai cikin goma na waɗannan idanun a makance aka same su. Wallahi wannan adadin ya tsaya mini a rai.

9/ Da na raka kakata wajen likitan ido, sai da aka gwada ganinta a allo, aka auna hawan jinin idon, aka ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, sannan aka auna irin madubin da zai dace da ita. Aikin bai kai rabin awa ba, kuma ba a sa ta barci ba. Washegari aka cire bandeji, ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, yaushe ka tara wannan gemun?"