Majalisar Dattawan da Nijar ba ta taɓa zaunar da ita ba

Tun daga samun mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Jamhuriyar Nijar ba ta taɓa yin dokokinta da majalisa fiye da ɗaya ba. Mutumin Gaya ta Nijar kan ji kalmar sanata ne a bakin maƙwabtansa na Kamba, cikin jihar Kebbi, domin Najeriya na da majalisar dattawa mai kujeru 109, uku-uku daga jihohi 36 da ɗaya ta Abuja. A nasa ɓangaren iyakar kuwa, 'yan majalisar dokoki kaɗai ya saba zaɓa.

Amma an yi sanatocin Nijar, tun ma ƙasar ba ta zama ƙasa ba. Tsarin mulkin Faransa na 1946 ya ba yankunan da take mulka kujeru a majalisarta ta sama, wadda ke zama a fadar Luxembourg da ke Paris. Talakawa ba su da hannu a zaɓen. 'Yan majalisar yanki da ke Yamai ne ke kaɗa ƙuri'a. Jihar Dosso, inda Gaya take, na da rabonta a nan. Issoufou Saïdou Djermakoye, ɗan gidan sarautar Dosso, ya zama sanata a 1958, daga baya ya yi aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma ƙare rayuwarsa a kan gadon sarautar Zarmakoy na Dosso a shekarar 2000.

Da ƙasar ta tsaya da ƙafarta, zancen majalisa ta biyu ya kwanta. A zamanin Diori Hamani jam'iyya ɗaya ce, PPN-RDA, majalisa ma ɗaya, Boubou Hama na shugabantarta har Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin a Afrilu 1974.

Guguwar tazarce ce ta tayar da maganar a 2009. Wa'adin Shugaba Tandja Mamadou na biyu zai ƙare a watan Disamba, shi kuwa yana son ƙarin shekara uku. Ya rusa majalisar dokoki a watan Mayu, ya bi da kotun tsarin mulki a Yuni bayan ta ƙi amincewa da shirin nasa, sannan ya kira zaɓen raba-gardama ranar 4 ga Agusta. Kundin da ya fito daga nan, na Jamhuriya ta Shida, ya tanadi majalisar dattawa: kashi biyu cikin uku na mambobinta zaɓaɓɓun wakilan jama'a ne za su zaɓe su, sauran kason kuma shugaban ƙasa ya naɗa da kansa. A wannan kaso na naɗi gizo ke saƙar. Amfanin majalisar sama shi ne ta sake tankaɗe dokar da aka yi cikin gaggawa, ta kuma ja wa mai mulki burki. To wanda ya naɗa sulusin kujerun, 'yan ƙuri'u kaɗan yake nema daga waje ya mallaki zauren.

'Yan adawa sun ƙaurace wa zaɓen 'yan majalisa na 20 ga Oktoba, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta dakatar da Nijar. Kafin a kai ga rantsar da sanata ko ɗaya, sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kutsa fadar shugaban ƙasa ranar 18 ga Fabrairu 2010, suka jingine kundin da duk abin da ke cikinsa.

Tsarin mulkin Jamhuriya ta Bakwai, wanda aka sa wa hannu ranar 25 ga Nuwamba 2010, ya koma ga majalisa ɗaya mai kujeru 113, aka ƙara su zuwa 171 a zaɓen 2016. Ita ce ta ci gaba da zama a Yamai har juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, ya rusa ta.