Motar Farauta: Daga Keken Dokin Attajiran Ingila Zuwa Ƙirar Motocin Gudu

Motar da Turawan Ingila ke kira shooting brake, wato motar farauta, ƙaramar mota ce mai gudu, galibi mai ƙofa biyu, wadda aka ja rufinta har ƙarshen baya aka sa mata murfin but mai ɗagawa sama. Gabanta na motar tsere ne, bayanta kuwa na ɗaukar kaya. Asalinta keken doki ne. A Ingila ta ƙarni na 19 akwai wani keke mai nauyi da ake ɗaura wa sababbin dawakai don a hore su da ja, daga baya aka sa masa bencina ya riƙa kai masu gandu da baƙinsu dajin farauta, tare da bindigogi da karnuka, ya kuma dawo da abin da aka harbo. Faransawa sun ari sunan suka yi ta kiran duk wata mota mai dogon baya break, shi ya sa Fijo 504 mai dogon baya, irin wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, take ɗauke da wannan suna a takardun kamfaninta.

Da injin ya kori doki a farkon ƙarni na 20, aikin bai sauya ba. A lokacin kamfani irin Rolls-Royce casis da injin kawai yake sayarwa, mai mota ya kai wa maƙeran bodi su ɗora masa abin da yake so, kamar dai yadda ake kai babbar mota a yi mata bodin katako a ƙasar Hausa. Tsofaffin motocin alfarma da suka gaji da zirga-zirgar Landan sai a cire musu bodi a ɗora na katako a tura su ƙauye. Ba don kyau ake yin su ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarancin ƙarfe ya ƙara wa bodin katako kasuwa na ɗan lokaci, sannan kamfanoni suka fara ƙera motocin iyali masu dogon baya da kansu, sunan ya kusa ɓacewa.

Wanda ya farfaɗo da shi, ya kuma ɗaura shi ga motar gudu, shi ne David Brown, mai kamfanin Aston Martin. Mafarauci ne kuma ɗan wasan folo, sai ya ga DB5, motar da fim ɗin James Bond na 1964 ya yi wa suna, ba ta ɗaukar karensa da kayan wasansa. Aka yi masa guda ɗaya mai dogon rufi. Abokan cinikin kamfanin suka gani suka ce su ma suna so, amma masana'antar tana fama da odar DB5 ta ainihi, don haka aka miƙa aikin ga kamfanin Harold Radford na Landan. Guda 12 kacal aka yi, daga 1965, huɗu daga cikinsu masu sitiyari a hagu. Aikin ba ƙarami ba ne, domin jikin DB5 fallayen alminiyom ne da aka lulluɓa a kan siraran bututun ƙarfe, tilas a yanke rufin daga gilashin gaba zuwa baya a sake gina shi. Kuɗin juyin ya kai wajen fam 2,000 a kan farashin motar da ya haura fam 4,000, a zamanin da wannan jimla ta isa sayen gida a Ingila. A 2019 an yi gwanjon ɗaya a Monterey ta Amurka a kan fiye da dala miliyan 1.7.

Italiya ta iso ga irin wannan siffa ta wata hanya dabam. A 1962 Enzo Ferrari ya ƙi sayar wa Giovanni Volpi sabuwar 250 GTO, sai Volpi ya sa injiniya Giotto Bizzarrini ya juya masa tsohuwar 250 GT. Aka ja rufinta miƙe aka datse shi a baya tsaye, bisa nazarin Bajamushe Wunibald Kamm, wanda ya nuna cewa datsattsen baya yana rage jan iska. Turawan Ingila suka yi mata ba'a da sunan motar burodi. Ba a yi ta don kaya ba, amma ta nuna cewa dogon rufi ba ya rage wa mota gudu, kuma masu zane sun riƙe wannan darasi. Daga baya kamfanin Vignale ya juya wata Ferrari 330 GT, kamfanin Panther Westwinds na Ingila kuma ya juya wata Ferrari Daytona a 1975, wadda ake buɗe but ɗinta ta gilasan gefe masu ɗagawa sama.

Ana cikin haka wasu kamfanoni suka fara ƙera ta kai tsaye. Reliant Scimitar GTE ta 1968, zanen Tom Karen, ta zo da layin taga mai hawa sama zuwa baya da kujerun baya masu naɗewa ɗaya-ɗaya, kuma Gimbiya Anne ta Ingila ta mallaki da dama. Volvo 1800ES ta biyo a 1971 da murfin baya na gilashi zalla, aka yi kimanin 8,000 kafin a daina a 1973. Jamusawa sun yi mata laƙabi da akwatin gawar gilashi na wata tatsuniyarsu, laƙabin da ke nuna haɗarin wannan salo tun asali. Rufi idan ya miƙe sosai, motar ta koma ta ɗaukar gawa. Idan kuma ya gangara da wuri, wurin kayan ya tafi, an yi aikin banza. Gwanintar duk tana cikin ɗan gangaren rufin, da kaurin ginshiƙin baya, da yadda doguwar tagar gefe take tsukewa a ƙarshe.

A wannan ma'auni, Lynx Eventer na cikin waɗanda suka fi dacewa. Jaguar XJS ta fito a 1975 da wasu fukafukai biyu a bayan rufi waɗanda mutane da yawa ba su so ba. Daga 1982 kamfanin Lynx na kudancin Ingila ya riƙa yanke su yana ɗora dogon rufi, yana sake fasalin tankin mai don shimfiɗar but ta yi faɗi. An yi 67, kuma akwai dalilin cewa juyin ya fi ainihin motar kyau.

Abin da ya mayar da sana'ar ta 'yan ƙalilan shi ne sauyin ginin mota. Yawancin motocin yanzu ba su da casis dabam, bodin ne ke ɗauke da nauyin komai, rufi kuma yana cikin abin da ke hana motar murɗewa a kwana. Wanda ya yanke shi sai ya mayar da ƙarfin ta wata hanya, ya kuma fuskanci dokokin gwajin haɗari, da jakunkunan iska da wayoyin da ke binne cikin ginshiƙai. Shi ya sa kamfanin Callaway na Amurka, da ya juya Corvette, bai taɓa jikin motar ba, murfin baya kawai ya musanya da wani dogo. BMW kuwa ta yi amfani da rufin ne don ƙarfafa Z3 mai buɗaɗɗen sama, ta fitar da M Coupé a 1998, wadda ake yi wa kirari da takalmin ɗan kama.

Tun daga 2011, da Ferrari ta fitar da FF mai kujera huɗu da jan ƙafa huɗu, manyan kamfanoni suka karɓe salon. Mercedes ta liƙa sunan a kan CLS mai ƙofa huɗu a 2012, abin da masu ra'ayin asali ke ganin tallar kasuwa ce kawai. Aston Martin da kamfanin Zagato sun yi Vanquish mai dogon rufi guda 99. Juyin hannu ya rage ga ƙananan masu zane irin Niels van Roij, ɗan ƙasar Holan, wanda ya juya Tesla Model S a 2018, ya kuma sake raya siffar motar burodi a kan Ferrari 550 Maranello a 2021, guda ɗaya tak, bisa odar mutum ɗaya.