Irin da Ba Ya Tsira Shi Kaɗai: Kwatancen Furen Okid na Dazuzzukan Sanyi da Ƙudujin Gonakin Kore Mairuwa

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta tsirowar Cypripedium calceolus, okid ɗin dazuzzukan Turai da Sibiriya, da ta ƙuduji, Striga hermonthica, wanda ke addabar hatsi a ƙasar Arewa. Ta nuna cewa makomar tsirran biyu a ƙarƙashin ƙasa ake yanke ta.

Okid da funfunarsa

Masanin tsirrai Linnaeus ne ya raɗa wa furen suna a 1753. Leɓensa ruwan ɗorawa ne, ya kumbura kamar takalmi. Ƙaramar zuma kan faɗa ciki tana neman ruwan zaƙin da babu shi, ta rasa mafita sai wata 'yar kafa ta baya, inda bununi ke manne mata.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne irin. Kamar ƙura yake, ba ya ɗauke da guzuri ko kaɗan. A 1899 Noël Bernard, masani ɗan Faransa, ya gano cewa irin okid ba ya tsira sai zaren wata funfunar ƙasa ya shige shi ya ciyar da shi. Shi ya sa mai tono furen ya kai gida yakan tashi a tutar babu. Masu tono sun cinye shi a Ingila har aka ɗauka ya ƙare, sai a 1930 aka tarar da tushe ɗaya tak a Yorkshire, wanda aka yi ta gadinsa shekara da shekaru.

Ƙuduji

Manomin Kore Mairuwa bai taɓa ganin wannan fure ba, amma ya san halin. Ya san gonar da ta gaji, hatsi ya tsugune ya yi ɗorawa tun ƙuduji bai leƙo ba. Kafin jan furensa ya bayyana, ɓarna ta riga ta auku. Irin ƙuduji ma ƙura ne, yana iya kwanciya cikin rairayi fiye da shekara 10 yana jiran saiwar hatsi ta saki wani sinadari. An fara tace wannan sinadari, sitirigol, a 1966 daga saiwar auduga. A 2005 masana a Japan suka nuna cewa da danginsa ne tsiro ke kiran funfuna mai taimakonsa tsotsar fosfat. Ke nan ƙuduji saƙon wani yake tarewa, kuma hatsi ya fi sakin saƙon idan ƙasa ta rasa taki.

A ganinmu kuskure ne a sa okid da ƙuduji kwando ɗaya. Okid kan yi ganye ya koma ciyar da kansa, ƙuduji kuwa ba ya sakin saiwar hatsi sai ya zubar da iri.

Kammalawa

Muna kira ga masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da su auna funfunar ƙasa a gonakin kwarin Dallol Mawri, inda Kore Mairuwa yake, su kwatanta waɗanda ake kai wa takin gida da waɗanda ƙuduji ya mamaye.